Manyan Fayiloli da Saƙonnin Banza a Imel ɗin Kamfani: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da 'yan kwangila, sakatarorin ofis, masu kamfanonin Hajji da Umara da masu shagunan kwamfuta a Sakkwato suka fi kawo wa masu kula da imel. An haɗa maganar manyan fayiloli da ta saƙonnin banza wuri ɗaya, domin duk wanda ya taɓa ɗaya sai ya motsa ɗayar.

Malam, kamfanin da zan tura wa sun ce iyakarsu 25 MB ce. Fayil ɗina 21 MB ne, amma saƙon ya dawo. Ina matsalar take?

Fayil ɗin naka ya kumbura a hanya. Tsarin SMTP, wanda imel ke tafiya a kansa tun 1982, an gina shi ne don rubutu zalla. Sai a 1992 aka fito da MIME, wanda ya ba da damar maƙala hoto da takarda a jikin saƙo. Dabarar da aka yi ita ce a mayar da fayil ɗin haruffa ta hanyar da ake kira Base64: kowane bayit 3 sai ya koma haruffa 4. Ke nan fayil yana ƙaruwa da kashi ɗaya cikin uku, har da ɗan ɗoriya. Naka mai 21 MB ya isa ƙofarsu yana 28 MB ko fiye, sabarsu kuwa, wato kwamfutar da ke karɓar imel ɗinsu, saƙon gaba ɗaya take aunawa, ba abin da kake gani a kwamfutarka ba.

Lissafin da za ka riƙe: in an ce maka 25 MB, kada fayil ya wuce 18 MB. In an ce 10 MB, ka tsaya a 7.

To iyakar nawa ce a zahiri?

Kowa da tasa. Gmail yana barin ka maƙala har 25 MB, yana karɓar saƙo har 50 MB, in kuma fayil ya wuce 25 sai ya ɗora shi a Google Drive ya aika da mahaɗi a madadinsa. Yahoo ma 25 MB ne. Microsoft 365 yana zuwa da kimanin 35 MB, mai kula da shi na iya ɗagawa har 150 MB. Masu sabar kansu kuwa, shirin sabar imel na Postfix yana zuwa da kusan 10 MB in ba a taɓa shi ba, takwaransa Exim, wanda ke ƙarƙashin cPanel, shafin sarrafa asusu a yawancin kamfanonin hostin masu ba da hayar saba, yana zuwa da 50 MB.

Saƙo yana ratsa saba fiye da ɗaya kafin ya isa, wadda iyakarta ta fi ƙanƙanta kuma ita ke yanke hukunci. Kamar tirelar albasa ce da ta sha titi mai faɗi tun daga Illela: in lungun da ke gaban sito bai ɗauke ta ba, faɗin titin bai amfane ta da komai ba.

Alhaji ya ce in gaya wa yaron kwamfuta ya ɗaga iyakarmu zuwa 100 MB a huta. Akwai laifi?

Ki ba Alhaji haƙuri, wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Iyakarku kawai za ku iya ɗagawa, ba ta wanda kuke tura wa ba. Saƙon zai fita daga wurinku lafiya, ya je ya dawo, wani lokaci ma bayan an tashi daga ofis, kowa yana zaton ya isa.

Sannan a cikin gida ma akwai asara. Fayil mai 60 MB da aka tura wa ma'aikata takwas ya zama kwafi takwas a akwatunansu, ga na jakar abin da aka aika, ga wanda zai danna "amsa wa kowa" ya sake maƙala shi. Rabin waɗannan mutane a waya suke buɗe imel, da datar da suka saya da kuɗinsu.

Babban dalilin kuwa ba a cika faɗarsa ba: filtar saƙonnin banza ba ta son manyan saƙonni, domin bincikensu na cin lokaci da ƙarfin na'ura. Ɗan shirin nan spamc, wanda ke miƙa saƙo ga filtar da ake kira SpamAssassin, in ba a canza saitinsa ba, duk saƙon da ya wuce 500 KB sai ya bar shi ya wuce ba tare da dubawa ba. Manhajojin kama bairos irin su ClamAV su ma suna da girman da in fayil ya wuce shi ba sa tona cikinsa duka. Masu damfara sun san haka, shi ya sa wasunsu ke cusa babban hoto ko su kumbura fayil da gangan. Duk lokacin da kuka buɗe ƙofar girma ba ku ɗaga iyakar bincike ba, kun yi wa ɓarawo hanya ne.

A ganina, ga kamfani mai ma'aikata goma zuwa hamsin, 25 zuwa 35 MB ya wadatar. In yaron zai taɓa saitin, ya tuna wuri uku ne: iyakar sabar kanta, iyakar ɗora fayil a shafin imel na burawuza irin su Roundcube, wadda ke cikin saitin PHP, da iyakar abin da filta ke bincikawa. In ya gyara ɗaya ya bar biyu, gobe ma za a sake kiransa.

Takardun neman kwangila nake haɗawa, sun kai 80 MB. Yaya zan yi?

Kusan kullum laifin sikana ne. Je ka tsaya a bayan yaron shagon da ke yi maka sikanin, ko a Emir Yahaya ne ko a Mabera, ka kalli allon. Za ka ga an bar na'urar a kan launi, 300 ko ma 600 dpi (yawan ɗigo a kowane inci), an kuma ajiye kowane shafi a matsayin hoto mai zaman kansa. Shafin A4 guda a 300 dpi ɗigo 2480 ne a faɗi, 3508 a tsawo, kusan ɗigo miliyan 8.7 ke nan. In mai launi ne ba a matse shi ba, shafi ɗaya ya haura 25 MB. Yanzu ka lissafa: satifiket ɗin CAC, shaidar biyan haraji, takardun PenCom da ITF da NSITF, bayanan banki, rahoton odita na shekara uku, takardun ayyukan da aka yi a baya.

Ka ce masa ya mayar da ita launin toka, 150 ko 200 dpi, ya fitar da PDF guda. Rubutu zai karantu tsaf, sa hannu zai fito. Shafin da ke da hatimi mai launi ko hoton fasfo kaɗai za a yi wa launi. Takardar da aka rubuta a Word ko Excel kuwa, kada a buga ta a sake yi mata sikanin. A ajiye ta kai tsaye a matsayin PDF, sai shafin sa hannu kawai a ɗauka da sikana. Da wannan kaɗai tarin nan naka zai iya saukowa ƙasa da abin da imel ke ɗauka.

Masu ɗaukar takarda da kyamarar waya su ma haka: hoto ɗaya yakan kai 3 zuwa 5 MB. A yi amfani da wurin sikanin da ke cikin manhajar Google Drive ko makamanciyarta, ita za ta daidaita gefen takardar ta rage nauyi.

In duk da haka bai shiga ba, kuma sanarwar kwangilar ta ce lallai a maƙala, a raba shi gida biyu ko uku, a rubuta a kan kowane saƙo: kashi na 1 cikin 3, kashi na 2 cikin 3. Kada a bari sai saura rabin awa a rufe karɓa.

Ba gara in tura mahaɗin Google Drive ko OneDrive ba?

Ga bidiyo, zanen gini, hotunan wurin aiki, wannan ita ce hanya. Google yana ba da 15 GB kyauta, amma Gmail da Drive da Photos duk a cikinsa suke ci. OneDrive na kyauta 5 GB ne.

Abin lura shi ne izini. Mutane sukan zaɓi "duk wanda ke da mahaɗin" don gudun a kira su a ce fayil ya ƙi buɗuwa, sai mahaɗin ya zauna a buɗe shekara da shekaru. In hoton buhunan siminti ne, ba komai. In kuwa fasfo ɗin maniyyata ne, ko jadawalin albashi mai ɗauke da lambobin asusu da BVN, a ba wa adireshin mutumin kaɗai izini, a kuma rufe bayan ya sauke. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, hukumar NDPC ce ke sa ido. Kuma a yi amfani da asusun kamfani. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki da Drive ɗinsa na kansa, takardunku sun tafi tare da shi.

In na matse shi a ZIP fa?

Hoton JPEG da bidiyo da PDF na sikanin an riga an matse su, ZIP ba zai rage abin kirki ba. ZIP mai kalmar sirri kuwa, manhajar kama bairos ba ta iya leƙa cikinsa, don haka sabobi da yawa suna tsare shi ko su ƙi karɓa. Gmail yana toshe fayiloli irin su .exe da .js da .bat ko da an ɓoye su a cikin ZIP.

Saƙo ya dawo da dogon Turanci da lambobi. Me zan duba?

Kada ka goge shi, kuma kada ka kira mai gyara ka ce "imel ya lalace". Nemi lamba mai alƙaluma uku. In ta fara da 4, matsala ce ta ɗan lokaci, sabarku za ta ci gaba da gwadawa da kanta. In ta fara da 5, an ƙi karɓa ne gaba ɗaya. 552 5.3.4 na nufin saƙon ya yi girma. 552 5.2.2, akwatin mutumin ya cika. 550 5.1.1, babu wannan adireshin, duba ko ka tsallake harafi. 550 5.7.1, dokar tsaron sabarsu ce ta ƙi ka. In ka ga 5.7.26 daga Gmail, domen ɗinku, wato sunan da ke bayan @ a adireshinku, shi ne bai tabbatar da kansa ba, amsarsa na nan ƙasa. Tura wa mai gyara saƙon ɗungurungum, sunan sabar da ta ƙi yana ciki.

Ita filtar yaya take gane saƙon banza?

Maki take bayarwa. SpamAssassin yana da ɗaruruwan gwaje-gwaje, kowane da makinsa: shin adireshin IP, wato lambar sabar da saƙon ya fito daga gare ta, yana cikin baƙin kundin masu watsa banza irin na ƙungiyar Spamhaus? Sunan mai aikawa ya dace da domen? Saƙon hoto ne zalla ba rubutu? Mahaɗin da ke ciki ina ya nufa? In jimilla ta kai 5.0, wanda shi ne saitin asali, sai a yi masa tambarin banza. Rspamd ma kusan haka yake aiki. Akwai kuma sashen da ke koyo, wanda ake kira Bayes: yana ƙirga kalmomin da suka fi fitowa a saƙonnin da kuka ce banza ne da waɗanda kuka ce na kirki ne.

Nan ne namu ya bambanta da na Turawa. Kamfani a Sakkwato yana samun saƙo da Hausa, da Turanci, da Faransanci daga abokan ciniki na Ƙonni da Yamai, da Larabci daga otal-otal na Makka da Madina. Akwai saiti a SpamAssassin da ke ƙara wa saƙo maki in ba da harshe ko haruffan da aka amince da su aka rubuta shi ba. Mai gyaran da ya kwafo saiti daga intanet ya taƙaita shi ga Turanci zai jefa takardar masaukin alhazanku cikin shara. A bar wannan saitin a buɗe. Sashen Bayes kuma a ciyar da shi da saƙonninku na gaske, na Hausa da na sauran harsunan, ba na banza kaɗai ba, don ya san yadda wasiƙar gidanku take.

Kada kuma a sauke makin zuwa 2 ko 3 saboda haushin talla. Saƙon kwastoma zai fara ɓata.

Saƙonninmu ne ke faɗawa jakar banza a wurin kwastomomi. Mun yi laifin me?

Galibi ba abin da kuka rubuta ba ne, shaida ce ba ku da ita. Abu uku ake sawa a DNS, wato rajistar intanet da ke ɗauke da bayanan domen ɗinku, ko .com ne ko .com.ng da NiRA ke kula da shi. SPF yana lissafa sabobin da aka yarda su aika da sunanku. DKIM sa hannu ne na lissafi da sabarku ke yi wa kowane saƙo, mai karɓa ya gwada shi da mabuɗin da kuka wallafa. DMARC kuma yana gaya wa mai karɓa abin da zai yi in saƙo bai ci jarrabawar waɗancan biyun ba, ya kuma aiko muku da rahoto.

Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsananta. A wurin Gmail, kowane mai aikawa sai ya kasance da SPF ko DKIM, wanda kuma ke tura saƙo 5,000 a rana sai ya haɗa duka ukun, kuma waɗanda ke kai ƙararsa da cewa banza ne kada su kai kashi 0.3 cikin ɗari. Ko ba ku kai wannan adadin ba, ku sa duka ukun.

Kurakuran da aka fi yi: a sa SPF guda biyu a domen ɗaya, alhali ɗaya tak aka yarda, a cika shi da sabobi har ya wuce tambayoyin DNS 10 da aka ƙayyade, a manta da manhajar akawu ko shafin kamfani da su ma suke aika rasit da sunan domen. DMARC a fara shi da p=none (sa ido kawai), a karanta rahotanni na wasu makonni, sannan a matsa zuwa quarantine (a jefa a jakar banza), daga baya reject (a ƙi karɓa). Wanda ya fara da reject rana ɗaya, nasa saƙonnin zai fara kashewa.

In duk wannan daidai ne, a duba adireshin IP a shafin MXToolbox, a ga ko yana cikin baƙin kundi. A hostin mai araha ɗaruruwan domen ne ke kan IP guda, maƙwabcin da ba ku taɓa gani ba zai iya jawo muku baƙin jini.

Ba zai fi ba mu sayi kwamfuta mu ajiye sabar a ofishinmu?

Ba na ba da wannan shawarar a garin nan. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, da hunturu ƙura na shiga ko'ina, na'urar kuma tana son wuta da sanyi dare da rana. Ko kun shawo kan wannan da sola, intanet ɗin ofis yawanci IP ɗinsa mai canzawa ne, irin wanda Spamhaus ke sawa a jerin adireshin da bai kamata su aika imel kai tsaye ba. Kuna kuma buƙatar bayanin PTR, wanda ke haɗa IP ɗinku da sunan sabarku, da tashar 25, ƙofar da imel ke bi tsakanin sabobi, a buɗe, masu ba da intanet da yawa kuwa suna rufe ta. Gaskiya ne in sabarku ta mutu saƙonni ba sa ɓata nan take, sabar mai aikawa, in Postfix ce, kan yi ta gwadawa har kwana 5. Amma kwastoman da ke jiran farashi ba zai jira kwana biyar ba.

Wani muhimmin saƙo bai iso ba, kuma ba ya jakar banza. Ina ya shiga?

In wannan ne karon farko da mutumin ya rubuto muku, ku ɗan jira. Wasu sabobi suna ce wa baƙo "dawo an jima" da gangan. Sabar kirki za ta dawo bayan 'yan mintuna, yawancin na'urorin watsa banza ba sa dawowa. In awa ta wuce, mai gyara ya duba kundin sabar, duk saƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofa yana rubuce a can.

Mafi munin saiti shi ne a karɓi saƙo a goge shi shiru. Ko dai a ƙi shi tun a ƙofa, mai aikawa ya samu sanarwa, ko a tsare shi a wurin da wani zai leƙa. A ofis a ɗora wa mutum ɗaya duba jakar banza kowace safiya. Gmail yana share abin da ke cikinta bayan kwana 30.

Mu sa domen ɗin manyan abokan cinikinmu a jerin waɗanda ba a bincika?

A'a. In aka sace imel ɗin ɗaya daga ma'aikatansu, bairos zai shigo muku ba mai tambayarsa. Kada ma ku sa domen ɗinku, shi masu damfara suka fi kwaikwaya.

An ce adireshinmu ne ke watsa saƙonnin banza. Me za mu fara yi?

An sace kalmar sirrin wani, yawanci ta saƙon ƙarya mai cewa akwatinka ya cika, danna nan ka sabunta. A canza kalmar nan take, a fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, a share saƙonnin da suka taru a layin fita. Sannan a buɗe saitin turawa da dokokin akwati, domin ɓarawo yakan bar doka da ke aika masa kwafin duk abin da ya shigo, canza kalmar sirri kuma ba ya cire ta. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a ƙayyade yawan saƙon da asusu ɗaya zai iya fitarwa a awa. Sai an toshe ɓarakar za a nemi Spamhaus su cire ku. Cirewar kyauta ce, duk wanda ya ce a biya shi don wannan, a bincike shi.

Dilanmu ya aiko cewa sun canza lambar asusun banki. Saƙon ya wuce filta lafiya, har da tsohuwar hirarmu a ƙasa. Mu biya?

Ranka ya daɗe, a dakata. Wannan ita ce damfarar da filta ba ta iya kamawa, domin sau da yawa daga ainihin akwatin dilan saƙon ya fito, SPF da DKIM duk sun ci jarrabawa. Ɓarawon ya zauna a ciki yana karanta cinikinku, ya jira ranar biya. Wani lokaci kuma domen ne mai kama da nasu, an sa r da n a jere a wurin m, ko an ƙara harafi ɗaya.

A kira dilan a lambar da kuka saba kiransa, ba wadda ke ƙasan saƙon ba, a ji daga bakinsa. A mayar da wannan doka a ofis: babu canjin asusu sai da kiran waya, ko da Alhaji ne da kansa ya rubuto daga tafiya yana cewa a gaggauta. In kuɗi sun riga sun fita, a kira banki a wannan sa'ar a nemi su tsayar, sannan a kai rahoto ga EFCC ko 'yan sanda. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan irin wannan. Kada a goge saƙon, bayanan da ke kansa su ne hujja.

Akwatin manaja ya cika, ba ya son a goge komai.

Ba yawan saƙonni ke cika akwati ba, 'yan ƙalilan ne masu nauyi. A Gmail a rubuta larger:10M a wurin bincike, za su fito. A Outlook ko Roundcube a jera saƙonni bisa girma. A sauke fayilolin zuwa ma'ajiyar kamfani, a goge saƙonnin, a kuma zubar da kwandon shara, don abin da ke cikinsa ma ana lissafa shi. A leƙa jakar abin da aka aika, yawanci ta fi akwatin shigowa nauyi. In kwamfutarsa a kan POP3 take kuma an saita ta tana kwashe saƙo daga saba, a yi mata kwafin ajiya tukuna kafin a taɓa komai, domin wataƙila wasiƙun shekarun baya a cikinta kaɗai suke.